Basillar Pani Leokadia

Ranar da Pani Leokadia Pytlak (a wurinmu Pani ake ce wa mace, Pan kuma namiji, don girmamawa) ta fara sako ƙafa a rumfar jiragenmu da ke Topolnica, ko gaisawa ba mu yi ba ta ci mini mutunci. Ina durƙushe ina gogar katako sai na ji murya a kaina.

"Kai ne kafintan coci?"

Na ɗago. Wata 'yar tsohuwa ce gajera, cikin baƙar kwat da ɗankwali mai furanni, ta rungume jaka a ƙirji kamar wani zai ƙwace. Na ce ni ne, Walenty Kordas.

"Bencinanka suna cin baya," in ji ta. "Shekara goma sha biyu ina zama a kansu duk Lahadi. In haka ka yi wa jirgin nan, gara ku mayar wa kaji abinsu."

Ni mutum ne mai saurin hawa, duk garin an shaide ni da haka. Na buɗe baki zan ba ta amsa daidai da ita, sai na ga ta riga ta manta da ni. Ta wuce ta tsaya gaban fiffiken da na jingina a jikin bango, ta sa tafin hannu a kai. Na koma kan katakona.

Zancen kajin gaskiya ne. A rumbun wani manomi muka samo jirgin, kaji suna ƙwai a kujerar baya. Pociak ne, irin mai fukafukai hawa biyu, biyu a sama biyu a ƙasa, da kujeru biyu a buɗe, ba rufi. Da irinsa aka yi yaƙi a zamanin iyayenmu. Namu bayan yaƙin aka ƙera shi, ya yi wa soja aiki, ya koya wa samari tuƙi, daga baya aka sallame shi, ya yi ta canja hannu har ya ƙare a wurin kaji. Mu bakwai muka ɗauki nauyinsa, yawancinmu 'yan fansho. Shugabanmu Pan Gustaw ne, tsohon malamin makaranta, wanda ya fi iya jawabi a kan riƙe guduma. Mai ƙuruciya a cikinmu ita ce Jagoda, matuƙiya, uwar 'yan mata biyu, wadda ta rantse tun ranar farko cewa ita za ta fara tashi da shi.

Shekara biyu na yi a kan katakonsa. Wanda bai taɓa ganin fiffiken Pociak tsirara ba ba zai gane abin da nake faɗa ba. Sanduna biyu ne dogaye, a kansu an jera haƙarƙari na katako sirara, kowanne bai kai kaurin ɗan yatsana ba. Mutum biyu za su ɗaga fiffike guda ba tare da nishi ba. Na yi shekara arba'in ina yin ƙofofi da akwatunan gawa da bencinan da ke cin baya, amma duk lokacin da na tsaya gaban wannan ƙashin sai in ji ni ɗan koyo ne. Da wannan abin mutane suka shiga wuta suka fito.

Da katako ya kammala sai muka tsaya cak. Jikin Pociak yadi ne, yadin lilin, kuma ɗinka shi ake yi a jikin haƙarƙarin da hannu. Duk cikinmu ba wanda ya san yadda ake yi. Pan Gustaw ya samo wani littafi, ya karanta mana shi da murya mai daɗi, muka tashi ba mu ƙaru da komai ba. Ana cikin wannan ne limamin cocinmu ya ambaci aikin a sanarwar Lahadi, washegari kuma tsohuwar nan ta hau bas ta zo.

Ta buɗe jakarta ta warware wani ƙyalle mai maiƙo. A ciki akwai basilla, tsawonta ya fi kamu ɗaya, ta yi baƙi da tsufa sai tsinin ne kawai ke ƙyalli.

"Ina da shekara goma sha bakwai aka ba ni ita," in ji ta. "Ɗari nawa na ɗinka na irin wannan fiffike, ban sani ba. Zan ɗinka muku. Amma ku ji sharaɗina, ba na son wasa da lokaci. Likita ya ce hawan jinin ido gare ni. Na hagun ya tafi. Na daman yana rufewa daga gefe, kullum ƙofar tana ƙara tsukewa. Shekara hamsin rabon da in ga Pociak a sama. Ina so in ga guda ɗaya kafin a kashe mini fitila."

Pan Gustaw ya dafa ƙirji ya fara, "Pani Leokadia, a madadin ƙungiyarmu mai..."

"Wannan fa, me yake yi a nan?" ta tambaye ni.

"Shugaba ne."

"To ya dafa mana shayi."

Haka aka yi kuwa. Har aikin ya ƙare Pan Gustaw ne mai shayi, a kofin gilashi da yankin lemun tsami, kuma ba a taɓa jin ya yi ƙorafi ba.

Ɗinkin fiffike aikin mutum biyu ne. Ana tsayar da fiffiken a gefensa, a lulluɓe shi da yadi, mutum ɗaya ya tsaya ta nan, ɗaya ta can, ba mai ganin wani. Kai ka soka basilla a gefen haƙarƙari, ta ratsa cikin fiffiken ta ɓullo wa abokin aikinka, shi ya karɓa ya maido maka ita ta ɗaya gefen haƙarƙarin, sai a ƙulla. Zaren an shafe shi da kakin zuma. Ƙullin kuma nasa daban ne, ba ya zamewa, in ɗaya ya tsinke na kusa da shi ba ya bin sa. Ni ta zaɓa in tsaya mata a ɗaya gefen, wai hannuna ya fi bakina hankali.

Ta cikin yadin nan na san rayuwarta, don tana ɗinki tana magana, ni kuwa muryarta kawai nake ji da tsinin basilla da ke leƙo mini. A wani ƙauye na bakin kogin San aka haife ta. Ubanta ya fita lokacin yaƙi da keken doki bai dawo ba. Ita ce babba cikin su biyar, shi ya sa da aka ce masana'antar jirage tana ɗibar 'yan mata masu iya allura, uwarta ta ɗaura mata burodi a ƙyalle ta sa ta a jirgin ƙasa. Su arba'in ne a ɗakin ɗinki, warin shafin yadi yana hawa musu kai har su yi ta dariya ba dalili, ana ba su madara kofi ɗaya a rana wai tana wanke ƙirji. Abokiyar ɗinkinta wata Sabina ce, sun yi shekara shida basilla tana kai da kawowa tsakaninsu.

"Daga yadda ta miƙo mini basilla nake sanin ko saurayinta ya zo jiya ko bai zo ba," in ji ta, sannan ta kira ni da gajeren sunana. "Kai kuwa, Walek, yau matarka ta yi maka faɗa."

Gaskiya ne, ta yi mini.

Na tambaye ta, ai a lokacin tana ganin jiragen suna tashi kullum. Ta ce filin yana bayan taga, suna tashi safe da yamma, amma wa ya damu? Yarinya mai shekara goma sha bakwai matuƙan take kallo, ba jiragen ba. Ta zaci kullum za su kasance a wurin kamar hankaki. Sai aka koma ƙera na ƙarfe, aka mayar da ita ɗinkin kujeru, ta yi aure, ta haifi 'ya ɗaya, mijin ya rasu, ta zauna a gida tana ɗinka labule da rigunan baftisma. Wata rana ta ɗaga kai ta ga sama ba ko ɗaya.

Da fukafukan sama muka fara, a watan Afrilu. Tazarar ɗinkin da yatsunta take aunawa, yatsu huɗu tsakanin ƙulli da ƙulli. Ni kuwa kafinta ne, ba na yarda da yatsa. Na yanko ɗan katako na yi masa alama daidai da yatsunta huɗu, ina bin bayanta da shi a ɓoye, kuma ko da kaurin gashi ban taɓa kama ta da kuskure ba. Sai da muka iso haƙarƙarin da ke kusa da gangar jikin jirgin. A nan na ga ɗinkinta ya matsu, ƙulli kusa da ƙulli, bai fi yatsu biyu ba. Na ce a raina, shi ke nan, idon ya fara cin amanarta, ta rasa lissafi. Tausayinta ya kama ni. Na yanke shawarar ba zan kunyata tsohuwa ba, na ja bakina na yi shiru, har ina jin kaina mutumin kirki.

A farkon Yuni 'yarta ta zo ta tafi da ita birni a yi mata aiki a idon daman, ko za a tsayar da ciwon. Ta bar mini basillar.

"Ka iya yanzu," in ji ta. "Ka samu wani ya tsaya maka, ku gama na ƙasan. Kada ku jira ni, rana ba ta jira."

Gaskiyarta. Bayan ɗinki ana shafa wa yadin wani ruwa mai kaifin wari da muke kira cellon, shafi bakwai ko takwas, kowanne sai ya bushe kafin a ƙara. Shi ne ke ɗame yadin ya yi tsam kamar fatar ganga. Amma ba ya son sanyi, ba ya son laima, kuma rumfarmu ba ta da murhu. In ba a yi shi tsakanin Yuni da Agusta ba, sai wata shekara.

Ni da Jagoda muka ɗinka fukafukan ƙasa. Na fito da ɗan katakona na bi kowane haƙarƙari da shi, daga tsini har gindi, yatsu huɗu, yatsu huɗu, ba gaba ba baya. Da na ja da baya na kalli layukan nan a jere, wallahi sai da na ji kaina ya kumbura. Na ce wa Jagoda, "Kada ki faɗa mata, amma namu ya fi nata kyau." Muka shafa cellon, muka lulluɓe layukan ɗinkin da siraran ƙyalle, muka yi fenti, kore irin na soja a sama, shuɗi irin na sararin samaniya a ƙasa, da alamar ja da fari a wutsiya. Aka ɗaura inji mai kai biyar, aka sa farfelar katako. Sufeto ya zo daga birni, ya auna abin da zai auna, ya ƙwanƙwasa yadi da yatsa, ya ce bai taɓa ganin aiki mai tsabta irin wannan ba, ya sa hannu. Pan Gustaw ya tsayar da ranar tashi, Asabar ta biyu a Satumba.

Pani Leokadia ta dawo ranar Laraba kafin Asabar ɗin, sanye da baƙin tabarau, Jagoda tana riƙe da hannunta. Aikin bai yi nasara ba. Ta faɗa mana da bakinta, ba kwana-kwana: abin da ya rage mata kamar leƙe ne ta cikin bututu, kuma likita ya ce da wuya ya kai Kirsimeti.

Muka buɗe ƙofofin rumfar duka biyu don haske ya shigo. Ta cire tabarau. Da yake ba ta iya ganin jirgin duka a lokaci guda, sai ta riƙa juya kai a hankali tana ɗaukarsa guntu-guntu, farfela, taya, wayoyin da ke tsakanin fukafukai, wutsiya.

"Yesu Maryamu," in ji ta a hankali. "Ashe haka suke da kyau. Mu wawaye."

Ta matsa ta ɗora hannu a kan fiffiken ƙasa na hagu, tun daga tsini, ta taho tana shafa shi kamar mai lallashin doki. Ko ta cikin fenti ƙullin yana ɗan tasowa, yatsa yana jin sa. Ina biye da ita ina jiran yabo. Ta wuce haƙarƙari ɗaya, biyu, biyar, tana gyaɗa kai. Da ta iso kusa da gangar jiki sai hannun ya tsaya. Ya koma baya, ya sake tahowa. Ta zagaya ɗaya gefen ba tare da an riƙe ta ba, ta taɓa na dama. Sannan ta juyo.

"Walek. Nawa ka bari a nan?"

"Yatsu huɗu, Pani Leokadia. Ko'ina huɗu, da ma'auni na yi."

"A bayan farfela?"

Ban gane ba. Ta ce in ba ta kujera. Ta zauna, ta yi mana bayani kamar tana magana da masu ƙaramin hankali, kuma a ranar mu ɗin ne. Duk yadin da ke bayan farfela iskarta tana dukansa, ba tsayawa, kamar mace na kakkaɓe kafet. A can tsini iska a kwance take wucewa, yatsu huɗu sun isa. A nan kuwa in ba a matse ɗinkin ba, yadin zai riƙa kumbura yana lotsawa tsakanin ƙulli da ƙulli har zaren ya yanka shi. In ya fara, ba ya yin sallama, ɗaye kansa yake yi gaba ɗaya.

"Na taɓa ganin fiffiken da aka dawo mana da shi haka," in ji ta. "Fiffiken kawai aka dawo da shi."

Na ce, "Na ga kin matse naki a na sama. Na zaci... na zaci idonki ne."

Ta juyo da fuskarta wajena. Na shirya wa zagi, har ina fatansa.

"Ka ga aikina ya karkace a ganinka, ka ji tausayina, ka yi shiru," in ji ta. "Kai da ba ka taɓa yin shiru ba tun da aka haife ka. Da ka zage ni, Walek, da yau muna shan shayi." Ta numfasa. "Ni ma da laifina. A wurinmu ba a faɗar wannan. Wa ke ce wa mace ta sa gishiri a miya?"

Pan Gustaw ya ce ko za a ƙara ɗinki a tsakanin wanda aka yi. Ta ce yadin da ya sha cellon takwas ya zama kamar ɓawon ƙwai, duk inda basilla ta huda nan tsaga za ta fara. Ya ce ai sufeto ya sa hannu.

"Sufeton ne zai hau?"

Sai Jagoda ta durƙusa a gabanta ta kama hannayenta biyu. "Pani Leokadia, ki saurare ni. Zagaye ɗaya kawai. Minti uku. Ba zan taka inji ba, zan tashi a hankali in zagaya filin in sauka. Ki gan shi da idonki, sannan mu yage shi mu sake. Sabon yadi ne, minti uku ba zai yi komai ba."

"Mai yiwuwa ba zai yi ba."

"To?"

"Babbar 'yarki shekararta nawa?"

"Kada ki sa yarana a ciki. Ni na ce na yarda."

"Ke kin yarda, 'yata. Ni ce ban yarda ba. In tsaya a ƙasa in ɗaga kai ina kallon ɗinkin da na san ba daidai ba ne, ke kina cikinsa? Wannan ba shi ne abin da na zo gani ba."

Duk mun san lissafin, ba sai an faɗa ba. Sabon yadi sai an yi odarsa daga waje, ba zai iso ba sai sanyi ya shigo. Cellon kuwa sai Yuni. Ta san wannan fiye da kowa, ita da ta ce mana rana ba ta jira. Raina ya ɓaci, na rasa wanda zan huce a kansa, na fara ɗaga murya ina cewa wannan taurin kai ne, a bar Jagoda ta yi zagayenta. Ba ta ko kalle ni ba. Ta miƙo hannu.

"Wuƙarka, kafinta."

Na daɗe a tsaye. Daga baya na zaro ta daga aljihu na buɗe na sa mata ƙotar a tafin hannu. Ta tashi, ta laluba wurin da yatsun hagu, ta ɗora tsinin. Yadin ya ɗame sosai, da ƙarfe ya taɓa shi sai ya fashe da ƙara kamar an harba bindiga, tsagar ta ruga da kanta har bakin fiffiken. Tantabarun da ke rufin rumfar suka watse. Ta zagaya ta yi wa na daman haka. Sannan ta ninke wuƙar ta ba ni, ta nemi tabarau ɗinta ta mayar, ta ce wa Pan Gustaw shayin jiya da ta sha a gidan 'yarta ruwan wanki ne, ya dafa mata na gaske.

Na sha ganin jarumta a fim da kuma a bakin masu shan giya. Da idona sau ɗaya na gan ta, a jikin tsohuwa mai shekara saba'in da takwas, kuma har yau in na tuna ƙarar yadin nan sai tsigar jikina ta tashi.

Yadin ya iso a ƙarshen Nuwamba. Idon ya ɗan wuce abin da likita ya ce, ya kai makon farko na sabuwar shekara, sannan ya rufe. Na zaci shi ke nan, ba za mu sake ganinta a rumfa ba. Ranar Litinin sai ga motar Jagoda, ta fito da ita naɗe cikin bargo, da tukunyar pierogi, 'yan ƙunshin fulawa masu cushe da ake dafawa a ruwa, da ta ce ta murɗa da kanta, kuma in akwai mai ƙorafi a kan siffarsu ya fito ta ji.

Ta tsaya a gefenta na fiffiken, na tsaya a nawa. Dusar ƙanƙara ta kai gwiwa a waje, muna sanye da safar hannu da muka yanke wa yatsu. Na soka basilla a tsorace, ina gudun in huda mata hannu. Kafin in ce ga ta nan zuwa, an riga an karɓe. Ta ce yadin yana ɗan tasowa kafin tsini ya ɓullo, tafin hannu yana jin sa. Ta ƙulla, ta auna da yatsu, ta maido mini. A makance ta fi ni sauri. Sau da yawa nakan tsaya da hannu a sake ina kallon tsinin nan yana fitowa daidai inda ya kamata, a farin yadin da ba ta gani, sai in ji kamar in cire hula. Ita kuwa sai ta buga yadin ta ce, "Ka mutu ne a can? Karɓi abinka." Ɗan katakon awon nan na jefa shi a murhun gidana.

Muka shafa cellon a Yuni. Sufeto ya dawo, wannan karon Pani Leokadia ta kama hannunsa ta bi da yatsunsa a kan ƙullin tana yi masa karatu, ya tafi yana godiya.

Asabar ɗin farko ta Yuli, da hantsi, garin Topolnica kaf ya fito filin ciyawa. Sama tas, ba ko gajimare. Tun da safe na ga Jagoda tana ta taku a tsakiyar fili, tana kallon rana tana kallon ƙasa, har ta kafa wani ɗan turke nesa da inda mutane suke. Ta ce a nan za a ajiye kujerar Pani Leokadia, fuskarta ta kalli gabas. Na ce wannan wane irin rashin tunani ne, a zaunar da tsohuwa a cikin rana alhali ga inuwa. Ta ce, "Pan Walenty, yau dai ka yi abin da aka ce maka." Na kai kujerar ina gunaguni, na tsaya a gefenta, Pan Gustaw ya tsaya a ɗaya gefen da takardar jawabinsa.

Aka murɗa farfela da hannu, sau ɗaya, sau biyu. A na uku injin ya yi tari, ya tofar da hayaƙi shuɗi, ya kama: ta-ta-ta-ta, a hankali, har kana iya ƙirga bugunsa. Hannun Pani Leokadia ya damƙi nawa. Jirgin ya taho yana rangaji a kan ciyawa, ya juya hanci ga iska, ƙarar ta ƙaru. Wutsiya ta ɗaga. Bai yi wani dogon gudu ba, kawai sai na ga haske tsakanin tayoyin da ƙasa. Katakon da na goge da hannuna, da yadin da muka ɗinka muna rawar sanyi, da mace guda mai rai a ciki, duk suka hau sama a natse kamar can ne gidansu. Rana ta bugi fukafukan ta ratsa su, har ana ganin haƙarƙarin ta cikin yadi. Mutane suka ɓarke da ihu.

Na sunkuya ina so in ba ta labari. "Ya tashi, Pani Leokadia, ya wuce saman itatuwa, yana... fiffiken yana..."

"Rufe mini baki, ina saurare."

Ta karkata kai tana bin ƙarar. Can ta ce, "Ba ya kaɗawa. Yadin ya zauna." Ta faɗe shi a natse, amma fuskarta na fuskantar inda jirgin ba ya nan, kuma wannan ya soke ni fiye da komai. Ni na jawo mata.

Jagoda ta yi babban zagaye ta ɓullo ta gabas, ta rage inji, ta sauko ƙasa-ƙasa har ana jin kukan iska a wayoyi. Sai na ga wani abu baƙi yana gudu a kan ciyawa yana nufo mu. Inuwar jirgin ce. Ta share ta kan Pan Gustaw, ya dafe hula ya durƙusa, takardar jawabi ta tashi. A nan na gane abin da turken yake nufi. Idon Pani Leokadia bai bar mata komai ba sai abu ɗaya, tana bambance haske da duhu, kuma Jagoda da ke kai ta gida kullum ta san haka.

Jirgin ya hau, ya sake zagayowa, ya gyara kaɗan. Inuwar ta taho a miƙe, fukafukai a buɗe, ta haye turken, ta hau gwiwoyin tsohuwar, ta rufe fuskarta, ta wuce. Bai kai ƙiftawar ido biyu ba.

Ta zabura a kan kujera. Ta cire tabarau, ta ɗaga fuskarta ga rana.

"Walek," in ji ta. "Na gan shi. Ya wuce ta kaina, na gan shi."

Na tsaya ina share hawaye.

"Me kake jira, sakarai? Ɗaga wa Jagoda hannu ta sake zuwa."

Na cire hulata na ruga tsakiyar fili ina kaɗa ta da hannu biyu, ni mai jikoki huɗu, ina ihu kamar mahaukaci. Can saman itatuwan bakin kogi, Jagoda ta kwantar da fiffike ta juyo.